Kunyar Ɗan Fari Na Neman Raba Ni da Karatuna

Anti Ramlatu, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Kwana uku ke nan ina yawo da wata takarda a jaka, in ciro in karanta in mayar, kamar rubutun zai canza.

A Fegge nake zaune, nan Anacha. Mijina mahauci ne, kafin gari ya waye ya wuce kwata. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin unguwarzoma, kuma ina da yaro ɗaya mai shekara biyu da rabi. Bara na ga tasku. In goya shi in hau okada, in ajiye shi wajen wata mai tuyar doya a bakin makaranta, jikina na aji hankalina na titi. Ana haka wata gidauniya ta zo ta ce za ta riƙa biya wa ɗalibai masu 'ya'ya kuɗin gidan reno. Na cike fom ɗin duka, gurbin sunan yaron kawai na miƙa wa ƙawata Munira ta rubuta, don ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukina ya ci. Cikin ikon Allah na samu. Wata huɗu ke nan da na san daɗin karatu.

To, ranar Asabar ta makon jiya 'yan gidauniyar suka turo wata Madam, 'yar ƙabilar Ibo, ta duba gida. Babu ko sanarwa. Ta tarar da surukata Inna zaune a kan tabarma, ta zo daga ƙauyensu na Zamfara a duba mata ido. Madam ta ciro takarda ta tambaye ni sunan yaron. Anti, a gaban Inna fa! Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, na yi murmushi ina wasa da bakin mayafina. Ta ce to ɗana ne? Da ƙyar na ce yaron gidan nan ne. Ana cikin haka ya yi tuntuɓe ya faɗi, ya tsala kuka. Wallahi na so in ɗauke shi, amma na kau da kai kamar yadda aka rene ni. Inna ce ta ɗauke shi ta rungume, tana dafa ƙirjinta tana nuna wa baƙuwa nata ne. Shi kuma da ya yi shiru sai ya miƙo mini hannu yana kira na Anti, don haka yake jin yaran maƙwabta suna ce mini. Na ga matar ta daɗe tana rubutu. Har lemo na ba ta, na raka ta bakin titi, ina ganin na fita kunya.

Ran Laraba takarda ta iso. Wai sun dakatar da tallafin, domin suna zargin ɗan wani na aro na ci kuɗinsu. Sun ba ni mako biyu in bayyana gaban kwamitinsu, in ba su gamsu ba su kai ƙarata wajen hukumar makaranta. Innalillahi! Ni da na yi kwana biyu ina naƙuda, ƙarshe sai da aka yi mini aiki, tabon na nan a cikina, ni ce ake cewa na ari ɗa? Ko ɓarawon kaza ban taɓa zama kusa da shi ba.

Har yanzu ban gaya wa maigidan ba, da ma yana cewa karatun nan wahala ce. Inna kuwa da wane ido zan dube ta? Jarrabawa saura wata guda, gidan reno sun ce ƙarshen wata in zo in ɗauki yaron. Kuma ko na je gaban kwamitin, tambayar nan dai za su sake yi mini. Ya zan yi?

Taki cikin damuwa,
Ɗaliba daga Fegge

Ƙanwata,

Ni ma sai da na ajiye wasiƙarki na yi salati. Amma share hawayenki, mai gaskiya da tabon tiyata ba ta rasa hujja.

Kada ki riƙe Madam a zuciya. Ki tsaya a inda ta tsaya: uwa ta kasa faɗin sunan ɗanta, ya faɗi ba ta motsa ba, wata tsohuwa ta ce nata ne, ga rubutu iri biyu a fom. A wajen Ibo uwa har suna take canzawa ta koma Maman Wane. Amana aka ba ta, kuma masu aron 'ya'ya don cin tallafi suna nan. Ke ma ba laifi kika yi ba, tarbiyya kika nuna. Kuskurenki ɗaya, kin yi wa baƙuwa kara irin wadda 'yan gida kaɗai ke iya karantawa.

Yau ɗin nan ki gaya wa mijinki, kafin ya ji a bakin wani a kwata. Ki haɗa katin awo, takardar sallama daga asibitin da aka yi miki aiki, takardar haihuwa da katin rigakafi, kowanne da kwafi. Maigidan ya karɓo wasiƙa daga Sarkin Hausawa ko limamin unguwarku, wadda za ta bayyana wannan al'ada da Turanci. Ki rubuta musu amsa tun kafin ranar zama, ki kuma kai wa gidan reno kwafi ki roƙe su su ɗaga miki ƙafa.

Inna kuma, kada ki ɓoye mata. Ɗanta ya yi mata bayani, ku tafi tare da ita. Don ita kika yi kunyar, ita ce kuma za ta iya sauke miki ita. Ban san tsohuwar da za ta yarda a kira surukarta ɓarauniyar ɗa don a girmama ta ba.

Sauran aikin naki ne. Addini bai hana uwa kiran sunan ɗanta ba. Ki rufe ɗaki, ki ɗora shi a cinya, ki kira shi da sunansa har bakinki ya saba. Ranar da suka tambaye ki, ki ɗaga kai ki ce ɗanki ne. Kwamitin sau ɗaya suke bukatar su ji. Yaron da ke kiran mahaifiyarsa Anti ya fi su bukata.

Allah Ya wanke ki, Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya raya miki shi.

Anti Ramlatu