Kaskon Turare da Warin Gas

Abban Musaddiƙ,

"Umma, Abba ne ya yi tusa kafin ya fita?" Abin da ɗanka ya tambaye ni ke nan da safe, yana toshe hanci. Ba tusa ba ce, gas ne. Hitar da ka kawo mana don ɗumama ɗaki ce take yoyo, daidai inda ka ɗaure tiyon da robar tayar keke ka ce ya gyaru.

Na rufe kan tukunyar gas ɗin, na buɗe tagogi, na fitar da yara. Ina juyowa sai ga Sa'adiyya da kasko cike da garwashi, wai turaren wuta za ta sa warin ya fita. Ban tsaya magana ba, na bangaje ta, kaskon ya tarwatse a tsakar gida. Garwashi ya ƙone mini hannu, ita kuma leɓenta ya fashe. Ƙanwarka ce, ka ba ta haƙuri, amma ko gobe ta sake, zan sake.

Da warin ya lafa na gwada tiyon a waje da ruwan sabulu, kumfa ta tashi kamar ana hurawa. Ni da Sa'adiyya mun tafi asibiti, yara suna gidan maƙwabciyarmu Maman Sophia.

In ka dawo daga kasuwar Gwiwa, kada ka ƙyasta ashana wai gwaji. Kira mai gyara ya sa sabon tiyo. Wallahi in na sake ganin robar keke a jikin hitar nan, da taɓarya zan farfasa ta a gabanka.

Shatu