Hannu a Buhun Gero

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Mutane na ɗauka hatsi kamar ruwa yake, tunda shi ma yana zuba. Haka na koyar yau a aji biyar: in ka tura abu cikin yashi ko gero, saurinka ne ke ƙara turjiya. Sai Hidaya, 'yar garin Morai mai zaman gaba, ta ɗaga hannu. "Malam, ba sauri na ba, zurfi na." Wai innarta in tana duba buhu, ko a hankali ta tura hannu, iyakarsa gwiwar hannu. Na ce nan aji ne, ba rumfar awo ba. Aka yi dariya, na kuma ji daɗin dariyar, Allah ya yafe mini. Na cire sunanta daga masu zuwa gasar kimiyya a Gusau. Wai rashin ladabi. Ranar Juma'a ake miƙa sunayen.

Talata, 7 ga Mayu
Kasuwa. Na roƙi Sanusi mai awo in sa hannu a buhunsa. A hankali, gwiwa. Da ɗan sauri, gwiwa. Sanusi ya ce, "Malam, zobe ka yar ciki?" Na zare hannuna na tafi.

Laraba, 8 ga Mayu
Na karanta. Ashe masana na da lissafi mai sauƙi: ka raba jikin abin gutsi-gutsi, kowane gutsure turjiyarsa na bin zurfinsa da karkatarsa, sai ka tara. In tafiyar ba ta gudu ba ce, sauri bai ma shiga lissafin. Na gwada da rodi a durom ɗin yashin maginan gidanmu. Zurfi ya ninka, nauyin da nake ɗorawa ya kusa ninkawa. Shekara tara ina koyar da akasin haka, da murya mai ƙarfi.

Alhamis, 9 ga Mayu
Hidaya ta koma bencin baya. Tambaya uku na yi da na san ta sani. Ba ta ɗaga hannu ba.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na miƙa sunaye, har da na Hidaya. Shugaban makaranta ya ce, "Ba kai ka cire wannan ba?" Na ce kuskuren rubutu ne. Wata kunyar ke nan.

Na shiga aji da bokitin gero. Kalmar ban haƙurin da na shirya tun safe ta ƙi fita. Na dai goge abin da na rubuta musu ran Litinin, na naɗe hannun riga, na ce, "Kada wanda ya yarda da ni. Kowa ya zo ya tura hannunsa. Hidaya, zo ki nuna musu yadda innarki ke yi."