Gam ɗin da Baba Ya Shafa wa Kyamara

Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya kuma yi wa aikinka albarka. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta lafa har ta ajiye sanda, Auta kuma ta gama jarrabawa tana ta cika mu da surutu.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Makon jiya wata malamar makaranta ta kawo masa kyamarar mijinta da ya rasu bara, tsohuwa irin mai fim. Baƙar robar da ke jikinta ce ta ɗaɗɗago a gefe, ta ce a manne mata kawai, kada a buɗe murfin baya, don akwai fim a ciki da hotunan da marigayin ya ɗauka na ƙarshe, ba ta sami ƙarfin zuciyar kaiwa a wanke ba tukuna. Ka san aikin nan Baba ya shekara arba'in yana yi: ya ɗaga robar a hankali, ya goge tsohon gam da auduga da sifirit, ya shafa sabo kaɗan da tsinke, ya bari ya sha iska sannan ya danne. To, ranar sai ya ɗauko gam mai ruwa, mai kamawa nan take, a zatonsa na robar ne. Gam ya zurara ta ƙarƙashi, ya kame murfin da abin juya fim ɗin.

Da na kai masa abinci shago na tarar da shi zaune, kyamarar a cinya, yatsunsa biyu sun manne da juna bai ma kula ba. Ya ce min rubutun jikin gam ɗin ya daɗe da daina gani, da tsayin kwalba yake gane su. Yaya, wata nawa ke nan yana ɓoye mana?

Kwana uku muka yi a kanta. Ya zaunar da ni a kujerarsa, yana faɗa ina yi, ina ɗiga maganin narkar da gam da bakin allura. Murfin ya saki, amma abin juyawar ya ƙi, kuma Baba ya ce in aka matsa fim ɗin zai tsinke. Malamar ta zo jiya, ya gaya mata gaskiya bai rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba, ta ce ta bar kyamarar a hannunsa. Da ma faɗan ta yi, da ya fi masa sauƙi. Tun da ta fita bai buɗe shago ba, abinci ma sai Inna ta tsaya a kansa.

Na yi masa maganar likitan ido, ya ce in kula da abin da ya dame ni. Kai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi, amma ka fara da wata hira, don ya hana ni faɗa maka.

Inna na gaishe ku, Auta ma haka. Ka gaida matarka, ka shafa min kan 'yan biyu.

Taka,
ƙanwarka mai bi maka