Koriyar kibiyar da ta yi wa Kamila wasa

Kwaciri, Fagge, Kano.

Zuwa ga ƙanena Abdulƙahhar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na ɗora maka karatun wannan takarda a kan aikin da ya riga ya yi maka yawa. Da ina da wanda zan tambaya a nan, da ban dame ka ba. Ina fata kai da Falmata da yara kuna lafiya a can Malesiya, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta, maigidana Alhaji Gana kuma kullum yana Kantin Kwari.

Maganar 'yarka ce, Kamilata. Ka san shekara biyu ke nan tana zuwa Sabon Gari duk Asabar wurin Malam Zacchaeus, tsohon malaminsu na lissafi, yana koya musu darar nan ta Turawa, ces, wadda malaminmu na allo yake ce wa shaɗaranji. Ban bar ta ba sai da na tabbatar babu caca a ciki, kuma ba ya cin lokacin salla. To, ƙarshen wata zai kai yara huɗu gasa Kaduna, da sunanta a ciki, ya ce kowa ya nemi manhajar yin atisaye a gida.

Sai Bahauddeen, ƙanen Alhaji, mai rumfar gyaran waya a Bata, ya ce ai wannan aikinsa ne. Mutumin da ko tafiyar doki a allon bai sani ba, ya zauna a ɗakina yana karkaɗa ƙafa, wai abin da Malam yake nufi na tsofaffi ne, tasa manhajar ta manya ce. Allah ya yafe mini, ba na son taɓa mutum a bayan idonsa, amma wannan har a gabansa na faɗa.

Ka san abin da ya sa mata? In tana wasa da mutane ta intanet, wata koriyar kibiya ce take fitowa ta nuna mata inda za ta matsa. Ita nata dangwalawa kawai. Wasa talatin ta ci a jere. Ni da ban sani ba, har waina na soya na raba wa maƙwabta sadaka, ina ta godiya ga Allah a kan basirar 'yata. Ranar Asabar sai Mirabel, yarinyar da ba ta taɓa cin Kamila ba, ta cinye ta sau uku a allon katako. Malam ya karɓi littafin da take rubuta wasanninta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a hankali wannan ba hannun Kamila ba ne. Da ta dawo gida na matsa mata da tambaya, sai ta nuna mini kibiyar.

Kai ma ka yi allo. Wanda yake ba da hadda wani yana raɗa masa ta baya, mun taɓa ce masa mahaddaci? Da na yi wa Bahauddeen magana, cewa ya yi wai kowa haka yake yi, wayo ne. Wayo! An zalunci bayin Allah talatin, ba mu san garinsu ba balle mu nemi gafararsu, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da ya dame shi kawai wai ko wayar tana zafi. Har ya ce zai kawo wata manhajar da ta fi waccan, na ce ya riƙe kayansa.

Na sa Kamila ta goge manhajar a gabana, na raka ta har Sabon Gari, ta faɗa wa Malam da bakinta tana kuka. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce bai cire sunanta ba tukuna, zai gwada ta a allo nan da Asabar biyu, in bai ga hannunta ba wata zai ɗauka.

Shi ya sa na zo gare ka, tunda kai kwamfuta ce sana'arka. Ka zaɓa mata manhajar da za ta yi shiru har a gama wasa, sannan ta nuna mata inda ta yi kuskure, kamar yadda malami yake gyara wa mai karatu bayan ya kai aya. Malam ya ce a samu mai ba da darasi kullum da tsofaffin wasannin gwanaye, amma shi mutumin littafi ne, bai san sunayensu ba. In da hali, wadda ba ta buƙatar data, don wayar tsohuwa ce. Kuma ka kira Kamila da kanka. Kwana huɗu ke nan ba ta taɓa allon ba, ta ce ba ta san ko ta taɓa iyawa ba. Maganar kawunta take ji.

Inna tana sa maka albarka, Alhaji yana gaishe ka. Ka gaida Falmata da yara. Don Allah ka ba ni amsa kafin Juma'a.

Yayarka,
Zara