Jinin Tsuntsayen Baba

Assalamu alaikum, Yayana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Antina da yara? Ka shafa min kansu. Na san za ka ce me ya hana ni kira. A waya da na ji muryarka sai maganar ta maƙale, shi ya sa na zauna na rubuta.

Jikin Baba da sauƙi, amma ba irin sauƙin da Umma take faɗa maka ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin dajinsa ba ya shiga, mun kuma sauko da gadonsa falo saboda matakala. Bakin ne dai bai gaji ba. Daga safe har yamma zancen tsuntsayensa yake.

Ka tuna tsuntsayen nan 'yan jan baki na kurmin bayan jami'a, da yake tasa mu gaba mu riƙe masa raga, kai ka sulale ka bar ni? Duk tsuntsun da ya kama, bayan ya sa masa zobe mai launi a ƙafa, yakan ɗauki ɗigon jini a fiffikensa ya adana a firiza. Kusan shekara talatin yana tarawa, yana jiran ranar da za a samu na'urar duba ƙwayoyin gado. To, an kawo ta ɗakin gwaje-gwajenmu, kuma ni aka damƙa wa.

Ka san abin da ya rubuta a littafinsa, ya kuma koyar har ya yi ritaya: idan waɗannan tsuntsaye suka ƙyanƙyashe, wasu manya sukan taru su taya iyayen ciyarwa, kuma a cewarsa masu taya renon yayyen 'yan tsakin ne, jini ne yake jan su. Da ido ya gani, yanzu yana so jinin ya shaida. Da ya miƙo min makullin firizar, ya ce, “Auta, ki kawo min shaidata tun ina nan.” Umma ta ce ko ranar da aka haife ni bai yi wannan zumuɗin ba. Muka yi dariya har shi.

Na fara aikin. Ka taya ni da addu'a, ka kuma fara neman hutu tun yanzu.

Taka ƙanwar,
Auta

*

Assalamu alaikum, Yaya.

Da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, Umma ta gode da maganin.

Yaya, sakamako ya fito, kuma ba abin da Baba yake jira ba ne. Fiye da rabin masu taya renon ba su haɗa komai da 'yan tsakin ba. Baƙi ne, daga wasu sheƙuna suka zo. Ga alama ciyarwar da suke yi ita ce take sa a bar su su zauna a garken. Na ɗauka ni ce na yi kuskure, na sake daga farko. Na ba abokiyar aikina ita ma ta yi ba tare da na faɗa mata abin da na samu ba. Duka ɗaya.

Umma na fara faɗa wa, a kicin. Ba ta fahimci lissafin ba, amma ta fahimci fuskata. Ta kashe famfo, ta ce, “Ki ce masa ba a gama ba. Mutum yana kwance haka, ki rushe masa aikin rayuwarsa? Ki bar shi da farin cikinsa.”

Wallahi na gwada. Kullum in na dawo zai tambaya tun ban ajiye jaka ba, in ce na'ura ce take ba mu matsala. Ran nan sai ya kafe ni da ido ya ce tun ina ƙarama in zan yi ƙarya kunnena nake sosawa, in zauna in faɗa masa. Na zauna a bakin gadon na faɗa masa.

Ya juya ya fuskanci bango. Ranar ko ruwan shayi bai sha ba, washegari ma sai da likita ya zo ya yi masa faɗa. In na gaishe shi sai ya ɗaga min hannu kawai. Ban taɓa ganin Baba ya ƙanƙance haka ba, Yaya. Umma kuwa ta daina kallon inda nake.

Shekaranjiya da hantsi ya sa aka kira ni. Ya ce in ɗauko takardun in karanta masa sheƙa bayan sheƙa. Duk tsuntsun da na ambaci launin zobensa ya san shi, ya san bishiyarsa. Ya yi ta yi min tambayoyi kamar ranar jarrabawa, na amsa. Da muka gama ya ce, “Aikinki ya yi kyau. Ni ne na ga abin da nake so in gani.” Na fashe da kuka, ya ce in share, malami ba ya kuka a kan sakamako.

Yanzu ya ɗauko wani aiki. Ya ce ba zai tafi ya bar yaran mutane da karatun da ba daidai ba. Yana bin lambobin tsofaffin ɗalibansa a waya ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa musu cewa abin da ya koya musu akwai gyara, 'yarsa ce ta gano. Kira ɗaya in ya yi sai ya huta kafin numfashinsa ya dawo. Umma ta ɓoye wayar, ya ƙi cin abinci sai da ta fito da ita.

Ka zo, Yaya. Kada ka jira ƙarshen wata.

Ƙanwarka,
Auta

*

Assalamu alaikum, Yaya.

Na ji ka koma lafiya, alhamdulillah. Ya ƙarin haƙuri? Ka gaishe min da Anti, ka ce na gode da kiran da take yi. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa.

Da kana nan gidan a cike yake, ban samu na keɓe da kai ba. Ka tambaye ni ina nake lokacin da abin ya faru, na kauce. Ina kurmi. Shi ya aike ni da safen, ya ce an fara sabuwar ƙyanƙyasa, in je in ga ko baƙin sun iso. Ina tsaye ƙarƙashin bishiya aka kira ni. Umma ta ce yana cikin magana da wani ɗalibinsa muryar ta yanke, wayar ta zame kan bargo.

Da na shigo, a gaban maƙwabta, Umma ta dube ni ta ce, “Ga gaskiyarki nan, sai ki ɗauka.” Ba ta sake tada maganar ba. Ba ta kuma yi min wata doguwar magana ba har yau. Takan zuba min abinci ta rufe, in gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Likita ya ce min zuciyar ta riga ta ƙare, da labarin da babu labarin. Na ji shi, amma in na wuce inda gadon yake a falo sai maganar Umma ta fi tasa ƙarfi.

Baba bai gama kiran ɗaliban ba, ko rabi bai kai ba. Ni nake ci gaba, da wayarsa. In suka ga lambarsa wasu sukan ɗauka da murna, “Malam!”, sai in fara da sanar da rasuwa, in jira su gama kuka, sannan in isar da saƙon. Jiya wata malamar sakandare ta ce min a makon nan ta koyar da darasin, yadda ya koya mata, har da kwaikwayon muryarsa. Ta tambaye ni, “To yanzu me zan ce wa yaran?” Na ce ta faɗa musu yadda aka yi, ta kuma faɗa musu shi da kansa ya ce a gyara.

Shugaban sashenmu yana so a buga sakamakon. Zan sa sunan Baba a gaba, jinin duk shi ya tara. Umma ba ta sani ba tukuna, ban san da wane baki zan faɗa mata ba.

Abu biyu nake roƙo. Ka kira Umma ka yi mata magana a kaina, kai tana jin taka. Na rasa Baba, ba zan iya zama gida ɗaya da ita kamar baƙuwa ba. Na biyu, ka rubuto min ka faɗa min ko da kai ne a bakin gadon nan, da ka faɗa masa. Kada ka lallashe ni, Yaya. Abin da yake ranka nake so in ji.

Taka har kullum,
Auta