Gonar Baba da Gambar Iyaka

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiya, ya aiki, ya zaman Abijan da iyali? Mu nan Badagishiri sai godiya. Jikin Inna da sauƙi, ko da ba ka tambaya ba.

Ka ce in nemo takardar gonar Baba ka sayar da rabonka. Na tahi buro, wurin takardun gonaki, a Illela, ma'aikaci ya duba har azahar, babu sunan Baba. Ya ce sai maigari da dattawa sun shaida iyaka.

Ka tuna da aka raba gado, kowa ya dasa gamba a iyakarsa, kai ka ce ba ka ɓata takalminka. To, bayan na dawo daga Illela, dattawa suka zagaya gona, ba su ga gambarka ba. Ɗayansu ya ce, "Ashe marigayi na da wani ɗa?" Ni ko na yi shiru. An rubuta gonar da sunana.

Gaida matarka. Ka sa mu a addu'a, damina ta yi albarka. Takalmin kuma, Allah ya sa yana nan tsab.

Ƙanenka,
Hamisu