Tsohon Zane Mai Sabon Kwanan Wata

Ƙanwata Losalini,

Gaisuwa mai yawa daga nan garin Gladstone. Yaya ƙafar taki, yaya yara? Ni ƙalau nake, barci ne kawai ya ɗan yi mini yaji.

Ba zan samu zuwa taron fita makokin Yaya Sakiusa ba. A wurin aikinmu kowa a kwamfutarsa yake ajiye zanen jirgin ruwan da muke ƙerawa, ya raɗa masa suna "na ƙarshe". Da za a yanka ƙarfe, muka ɗauki mai sabon kwanan wata. Ashe tsohon zane ne, abokin aikina Darren ya leƙa shi ya sake ajiyewa, sai kwamfutar ta sa masa sabon kwanan wata. Ƙofar jirgin ta fito gajera, maigida ya soke hutun kowa.

Darren ya ce, "Tsoho, laifin kwamfuta ne fa." Na ce, "To ɗana, a soke nata hutun mana."

Mun yi dariya, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Ki ba matar Yaya haƙuri. Ku tuɓe baƙaƙen kayanku na makoki, kada ku jira ni. Baƙin ƙyallen da ke hannun rigata yana nan sai na tsaya a bakin kabarinsa.

Allah ya yi muku albarka.

Yayanki,
Peniasi